Ranar da Na Gyara Zoɓon Maƙwabciya

Mu biyar ne a ranar, kuma dukanmu muna raye, wanda ya ga na ƙara gishiri ya zo ya faɗa a gabana. Akwai ni. Akwai ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba, likitan ƙashi ne a nan Doha. Akwai matarsa, tana koyarwa a jami'a, ita ce ma take rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban taɓa zama a aji ba. Na gaya mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina, kada ta yi masa kwalliya. Akwai abokin ɗana, mutumin zangon Kumasi, direban bas ɗin ma'aikata, yana zaune a unguwar Najma su da yawa a ɗaki guda, duk Juma'a a gidanmu yake cin tuwo. Ta biyar ɗin maƙwabciyarmu ce, kuma a kanta maganar take.

Gidanmu a unguwar Al Wukair yake, cikin jerin gidaje masu kama ɗaya kamar ƙwan kaza. Da safe ɗana ya fita, matarsa ta fita, ƙofa ta rufe kanta. Daga nan sai ni da ƙugin na'urar sanyi. Ba mai sallama, ba mai aron turmi, ba mai zuwa ya ce a ɗiba masa wuta. A Funtuwa ban taɓa sanin cewa shiru yana da nauyi ba, sai da na zo nan.

Allah da ikonsa, katangar bayan gida gajera ce, iya ƙirjina. A ɗaya ɓangaren akwai wata mata fara, mai dogon hanci, da gicciye a wuya. Ta girmi surukata, ni kuma na girme ta nesa. Mijinta yana aikin gas a tsakiyar teku, sai ya yi makonni bai dawo ba. Na daɗe ina lura da ita kafin in yarda da ita. Na ga tana shanya a kan lokaci tana kwashewa a kan lokaci, na ga ba ta barin kwanuka su kwana, na ga wata rana tana waya tana share hawaye da bayan hannu. Sai na ɗora mata ƙosai a kan katanga na koma ciki. Washegari na tarar da kwanona a wurin, an wanke shi tas, da wani burodi mai cuku a ciki, da ɗuminsa. Na ce to, wannan 'yar gidan mutunci ce, ta san ba a mayar da kwano haka nan.

Daga ranar katanga ta zama kasuwarmu. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, abin da muka haɗa bai wuce Larabci uku ba, yalla mu je, khalas shi ke nan, shukran na gode, amma mukan tsaya mu yi hira har rana ta kore mu. Ita ta yi nata, ni in yi nawa, in ta yi dariya in yi. Ƙa'ida ɗaya ce, ba wanda ya faɗe ta da baki amma kowa ya san ta: abin da aka ɗora a kan katanga, na wadda ke ɗaya ɓangaren ne. Ban taɓa shiga gidanta ba, ba ta taɓa shiga nawa ba. Amma in aka cire ta, ba ni da kowa a ƙasar nan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Wannan a rubuta shi da kyau, don a gane abin da ya zo daga baya.

Ni kuwa zoɓo sana'ata ce. Na yi shekaru ina haɗa shi ana kai min bakin tasha, direbobi suna wuce na wasu su nemi nawa. Da zan taho na zo da busasshen zoɓona, da kanwata, da wani ɗan tulu na ƙasa mai siririn wuya, ginin wata tsohuwa a ƙauyenmu. Cikin zani na naɗe shi, a cinyata ya hau jirgi. Wata rana na cika shi da zoɓo mai sanyi na ɗora mata. Ta sha a gabana, ta sumbaci yatsunta. Na ɗebo busasshen na ba ta, na nuna mata da hannu: ruwa, wuta, tacewa, sukari. Ta gyaɗa kai kamar ta gane.

Kwanuka suka ci gaba da zuwa suna komawa, tulu bai dawo ba. Ban tambaya ba, tambayar kwano rashin kunya ne. Amma duk safiya sai na dubi katanga, kuma na tabbata ta ga ina dubawa.

Ranar Juma'ar da nake ba da labari lokacin sanyi ne, irin sanyin Doha da mutum zai iya tsayawa a waje da rana tsaka. Maza sun tafi masallaci, surukata tana sama tana duba takardun ɗalibai. Na fita kwashe shanya, sai ga tuluna a kan katanga, bakinsa a buɗe, ko faifai ba a rufa masa ba. Na leƙa. Ja ne a ciki, ja mai duhu, har wuya. Na ce alhamdu lillahi, ashe jinkirin na koyo ne, ta tsaya sai hannunta ya faɗa kafin ta dawo min da shi. Na leƙa gidanta ban gan ta ba, sai ƙamshin burodi. Na sauke abina na shiga kicin.

Na zuba kaɗan a murfin kofi na kai hanci. Tun daga nan na san akwai gyara. Na ɗanɗana da bakin harshe.

Innalillahi. Tsami ne a gaba, ba irin na zoɓo mai daɗi ba, irin na kunun da ya kwana biyu a bayan ƙofa. Bayansa wani bauri ya kama min harshe da dasashi kamar na tauna ɗanyar kanya. Sai wani ƙamshi daga can ƙasa, na sabuwar randa da aka zuba wa ruwa karon farko, da ɗan hayaƙi-hayaƙi kamar an dafa da ɗanyen itace. Sukari ko ƙwaya babu. Citta babu. Kanumfari ko a mafarki. Da na haɗiye ɗan abin da ya taɓa harshena, sai na ji ɗumi ya bi maƙogwaro. Na ce wannan ba citta ba ce, lalacewa ce. Na tofar da sauran na kurkure baki.

Na tsaya ina kallon tulun, tausayinta ya kama ni. Baiwar Allah, ita kaɗai a gida, ta yi ta fama ba mai nuna mata, ta bar abu ya kwana ya kwana har ya juya, kuma ta ɗoro min da zuciya ɗaya. Zubarwa cin fuska ne. Mayarwa yadda yake ya fi cin fuska. Abin da uwa take yi wa 'yarta in miya ta ɓaci shi ne ta gyara a ɓoye ta mayar, yarinya ta ɗanɗana ta gane da kanta, ba a yi magana ba. Na ce haka zan yi, in raba biyu, rabi ya koma mata, rabi maza su sha bayan tuwo.

Na juye a tukunya na ɗora a wuta. Na daka citta da kanumfari da masoro na zuba. Na sa ɓawon abarba. Na sa sukari, na ƙara. Na taɓa da harshe, tsamin yana nan daram, ya yi zaune kamar baƙon da aka ba shimfiɗa. To maganin tsamin zoɓo ai sananne ne. Na jiƙa kanwa na tsiyaya ruwanta a ciki.

Zoɓon kirki in ya ji kanwa yakan ɗan yi duhu ya kwanta. Wannan kumfa ya yi, ya taso, sannan a kan idona ya bar ja ya koma wani shuɗi mai toka-toka, kamar ruwan marina da aka gama rini a ciki. Na ce ikon Allah, zoɓon Turawa har launi yake sauyawa. Na sunkuya a kan tukunyar ina juyawa, tururi yana dukan fuskata, idona yana ruwa. Na ji kicin ɗin ya yi min daɗi, na ji gwiwata da take damuna ta yi shiru.

A nan surukata ta ce ta sauko ta tarar ina waƙar niƙa, har ina buga ludayi a gefen tukunya. Ban yi ba. Ni da na rabu da waƙa tun rasuwar mahaifinsu. Ta ce ita da kunnenta ta ji. To tunda alƙalamin a hannunta yake ta rubuta nata, amma ta rubuta cewa na ce ban yi ba.

Ana haka maza suka dawo. Ɗana ya yi sallama, ya tako zuwa ƙofar kicin, sai ya tsaya cak yana buɗa hanci kamar akuyar da ta ji ruwan sama.

"Inna, me kike dafawa?"

"Zoɓo."

"Wane irin zoɓo?"

"Na maƙwabciya. Bai yi ba, ina gyara mata."

Mutumin Kumasi ya leƙo ta saman kafaɗarsa. Su Hausarsu ba ta raba mace da namiji, ni ma kai yake ce min, na gaji da gyara masa na bari. Ya shaƙa sau ɗaya ya ja da baya.

"Mma, wannan zoɓo, kai ka sha?"

"Na ɗanɗana. Wa yake gyara abu bai ɗanɗana ba?"

"Ei. Likita, zo mu yi magana a waje."

"Ku yi a nan," na ce. "Kicin ɗina ne."

Ɗana ya ɗauki tulun da na juye, ya kai hanci, ya ajiye shi da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ya dubi matarsa, ta dube shi. Ya buɗe baki ke nan aka danna ƙararrawar ƙofar gida, aka sake dannawa, aka haɗa da bugu.

Maƙwabciya ce. Ban taɓa ganin ta daga ƙugu zuwa ƙasa ba sai ranar, ashe gajera ce, a kan wani dakali take tsayawa in muna hira. Ta sa baƙaƙen kaya, gari a hannunta, fuskarta ta yi fari fat. Tana shigowa ta bi warin har kicin ba wanda ya nuna mata hanya. Ta ga tulu a kife, ta ga tukunya tana tafasa, ta dafe kai da hannu biyu ta ce, "Hajja! La, la, la!" Sai ta juya Turanci ita da ɗana, kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

"Kai, me take cewa?"

"Inna, ki zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Ka ce mata kada ta ji kunya, kowa da haka ya fara. Kanwa ce ta rasa."

"Inna, ba zoɓo ba ne. Giya ce. Giyar inabi."

Na zauna.

Na rayu har na ga jikoki ban taɓa sanin warin giya ba, balle ɗanɗanonta. A unguwarmu in an ce wane yana sha, hanyar gidansa ma ake sauyawa. Sai ga ni a ƙasar Larabawa, ranar Juma'a, da carbi a wuya, na sa mata citta.

"Inna, babu komai a kanki," in ji surukata. "Wanda bai sani ba ba shi da laifi."

"Na san wannan tun ba a haife ki ba."

"Mma," in ji mutumin Kumasi, "ka ji kanka yana juyawa? Yatsa nawa na ɗaga?"

"Sauke hannunka kafin in karya shi, ga mai ɗori a kusa."

Ɗana kuwa ba ta ni yake ba. Ya kashe wuta, ya ruga ya buɗe tagogi. Sai ya tuna gidan da ke kallonmu na wani Balarabe ne, ya ruga ya rufe. Ya kunna fankar da take zuƙe hayaƙin kicin, matarsa ta ce ai waje take kai shi, ya kashe. Ya ce gidan Musulmi, likita, a ji wannan warin yana fita, me zai gaya wa wurin aikinsa, me zai gaya wa kafil, wanda ya tsaya masa a ƙasar? Surukata ta ce ai an tafasa, abin da ke sa maye ya fita. Ya ce bai gama fita ba. Na ce to wanda ya fita ɗin ina ya tafi? Ya ce cikin iska. Duk muka dubi iskar. Mutumin Kumasi ya ja hularsa ya toshe hanci, ya ce shi gobe da asuba zai ɗauki mutane a bas, kada a sa shi hura na'urar gwaji a ce ya sha.

"A zubar a rariya kawai," in ji ɗana.

"To ɗauka," na ce.

Ya miƙa hannu ya janye. Ya ce ai ba sha kaɗai aka hana ba, har ɗauka. Ya dubi abokinsa.

"A'a, Likita. Ni direba ne, ina ɗaukar mutum, ina ɗaukar kaya, ban tambaya. Amma wannan na riga na ji sunansa."

Surukata ta ce ita hannunta da alwala. Muka tsaya mu huɗu, manya, mun kewaye tukunya ɗaya a kan murhu, kowa hannunsa a baya.

Duk wannan abin maƙwabciya tana jingine da firij tana kuka marar sauti. Ni na zaci tsoro ne, don ɗana ya ce su waɗanda ba Musulmi ba ana ba su takardar izinin saye a wani kanti, amma ba a yarda su ba wa kowa ba, in magana ta fita mijinta ma zai shiga uku. Na ce ya tambaye ta, tunda ta san haka, me ya kai ta ɗora min a katanga? Ya tambaya. Ta share fuska ta fara magana a hankali, yana juya min.

Ta ce ita 'yar ƙasar Jojiya ce, amma ba daga inda aka sani ba. Ƙauyensu yana can cikin duwatsu, hanyar ma in damina ta yi ƙarfi yankewa take. Ko a ƙasarsu in ana lissafin masu giya ba a cika tunawa da kwarinsu ba. Kowane gida yana da 'yan itatuwan inabinsa, baƙi ƙanana. In sun nuna a tsinke, a zuba a wani kwami na itace, a shiga a tattake.

"Da me?" na ce.

"Da ƙafa, Inna."

"Da ƙafa. Tambaye ta suna wankewa?"

"Inna, don Allah."

"Ni na ɗanɗana, ni zan tambaya."

Ya tambaya, kansa a ƙasa. Ta ce suna wankewa. Ni dai ban ga alama a ɗanɗanon ba.

Ta ce daga nan sai a juye ruwan da ɓawon da 'ya'yan gaba ɗaya cikin wata randa, babba, wadda mutum zai shiga ya tsaya, an binne ta a ƙasa har wuya. A rufe bakin, a shafe da laka, a bar ta sai sanyi ya wuce. Mahaifinta haka ya yi kowace shekara har ya rasu. Yanzu gidan a kulle yake, randar ba komai a cikinta sai gizo-gizo. Tunda ta bar gida ba ta taɓa ganin giyar kwarinsu a ko'ina ba, don ba mai sayen ta sai su. Sai kwanakin baya mijinta ya je kantin nan, ya sunkuya ɗaure takalmi, ya hango kwalba ɗaya a can ƙasan kanta, ta yi ƙura. Ya karanta, sunan ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu ne. Ya koma daga baya ko za a samu wata, aka ce ba su ma san yadda aka yi wannan ta zo ba.

Ta ɓoye ta don wannan rana. Yau mahaifinta yake cika shekara da rasuwa. A al'adarsu ana gasa burodi, a ɗiga masa giya kaɗan, a ambaci mamaci, sannan a sha sauran ana ba da labarinsa. Tuluna kuwa, ta ce tun ranar da ta gan shi ta kasa rabuwa da shi, don irinsa mahaifinta yake ɗibar giya da shi daga randa. Shi ya sa ta juye a ciki. Ta ɗora a katanga ne don irin wannan giyar sai ta sha iska kafin a sha ta, kuma nan ne ya fi sanyi. Ta shiga cire burodi daga wuta, ta fito ba tulu.

Mutumin Kumasi ya sauke hularsa daga hanci.

Na ce wa ɗana, "Gaya mata na ji randar. Tun kafin in sa komai na ji ta, ƙasa ce ja, kuma an gasa ta da kyau."

Ya gaya mata. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta tako ta leƙa tukunyar. Abin ya lafa, ya yi shuɗi-baƙi, kanumfari yana yawo a kai, ɓawon abarba ya nutse ya bar kunne ɗaya a sama. Ta ɗauki cokali ta ɗiba ta kai baki. Na ga maƙogwaronta ya yi gardama kafin ya karɓa. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki tsumma biyu ta kama kunnuwan tukunyar, surukata ta buɗe mata ƙofa, ta fita. Ko khalas ba ta ce ba.

Na ce wa mutumin Kumasi ya bi ta da tulun, tunda ba komai a ciki. Ƙasa ce, ta riga ta sha, ko an wanke ba zai fita ba. Ya naɗe shi a jarida ya riƙe nesa da jikinsa ya kai.

Da ya dawo ɗana ya tsaya a tsakar falo ya ce, "Inna, daga yau ba abin da zai sake hawa katangar nan. Ba namu, ba nata. Gobe zan sa a ƙara mata tsawo."

Na wuce na kwaso tuwo. Ba a musu da mai gida a gaban baƙo, ko da kai ka haife shi. Muka ci tuwo, miyar kuka ce, kowa yana ci yana shaƙar iska a ɓoye ya ji ko warin ya tafi. Mutumin Kumasi ya so ya yi wasa, ya ce a Najma in ya ba da labarin nan ba mai yarda. Na ce in ya ba da shi a Najma ya nemi wani gidan tuwon. Ya ce Mma, ni ban ga komai ba, ban ji komai ba, hancina ma mura yake.

Bayan la'asar na fita baya. Labulenta a sauke. Shanyarta tana nan a igiya, iska tana kaɗa ta, har magariba ba ta kwashe ba. Matar da ba ta taɓa barin shanya ta ga faɗuwar rana ba.

Na zauna a kan sallaya na yi lissafin abin a raina. Giya haram ce, jiya haram ce, gobe ma haram ce, ko ta wane ƙauye ce, ko a randar wa aka binne ta. Ban kuma ɗauki abin kowa ba, abin da aka ɗora a katanga na sauke, a cikin tuluna. In za a kai mu gaban alƙali ni ce da gaskiya. Amma ba gaban alƙali za mu ba. Mace ta tanadi abu ɗaya don ubanta, ba na biyu a duk ƙasar, ranar ta zo, abin ya ƙare a tukunyata da kanwa a ciki. Ta yi zaman makokinta ita kaɗai a bayan labule, miji yana teku. A garinmu in maƙwabci yana juyayin mamaci ba a tambayar me yake sha a gidansa, abinci ake kai masa. Inda ladan zai tafi ba ni nake rabawa ba. Na san dai mai rai tana can ba ta ci komai ba.

Kafin in kwanta na wanke shinkafa na jiƙa. Surukata ta gani ta ce, "Inna, waina za a yi?" Na ce ta je ta kwanta.

Da na idar da sallar asuba na markaɗa, na haɗa ƙullu na rufe shi a wuri mai ɗumi. Kafin rana ta yi sama ya tashi. Na ɗora tanda na soya, ba ta sayarwa ba, irin wadda ake yi ta sadaka, manya masu laushi, gefensu ya yi ja. Na jera a babban kwano na rufe, na sa zuma a ƙaramin kofi. Na yafa mayafi na sa takalmi.

Ɗana yana falo da waya a kunne, ina jin yana tambayar wani magini kuɗin bulo. Ya gan ni da kwano ya rufe bakin wayar da hannu.

"Inna, ina za ki?"

"Gaisuwa."

"Inna, jiya fa na ce..."

"Na ji abin da ka ce. Buɗe min ƙofa, hannuna da kaya."

Ya buɗe.

Na taka na zaga ta titi na tsaya a ƙofarta. Ban san inda ake dannawa ba, na yi sallama da ƙarfi irin ta gida, na sake yi. Ta buɗe da kayan jiya a jikinta, idanu a kumbure. Ta dubi kwanon, ta dube ni. Na ce, "Yalla," na wuce ta na shiga.

A kan tebur akwai hoton wani tsoho mai gashin baki kamar tsintsiya, da kyandir da ya ƙone ya ƙare, da burodin jiya an gutsuri gefe. Gefen da aka gutsura ya yi shuɗi. Kusa da shi ga ɗan kofi, da sauran abin a ciki, kanumfari ɗaya yana kai. Na nuna mata kofin na nuna can ƙarshen tebur, ta matsar da shi. Na ajiye wainata na buɗe, na yi mata gaisuwar rashi da Hausa tun daga farko har ƙarshe, yadda ake yi, ban rage komai ba. Sannan na ja kujerar da ta fi nisa da kofin na zauna, na tura mata kwanon, na ce ta ci tun da zafi.